Wata biyar da haihuwa, har yanzu ana tambayata cikin wata nawa ne

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina rubuta maganar nan ina gogewa, yau dai na ce bari in sake ta ko zan ji sanyi a raina.

Wata biyar ke nan da na haihu, haihuwar fari, kuma aiki aka yi mini. Yaro lafiya lau, alhamdu lillahi. Shekaranjiya muna layin rigakafi, yaron yana barci a kafaɗar ƙanwata, sai wata mata da ke gefena ta dubi cikina ta ce, "Sannu, wata nawa ne?" Ba da mugunta ta faɗa ba, har matsawa ta yi don in zauna sosai. Na ce mata ai na sauka, ga yaron can. Ta yi ta ba ni haƙuri, na ce ba komai. Amma muna komawa gida na shige banɗaki na kunna famfo don kada a ji kukana.

Da dare ina shayarwa na buɗe Instagram, sai ga wata 'yar talla ta sa hoto da jaririnta ɗan sati uku. Ciki a shafe kamar ba ta taɓa ɗaukar komai ba. Ni kuwa rigunana na da suna ninke a akwati, babu wadda take shigata. Nankarwa ta zane mini ciki da cinya, fatar da ke saman ɗinkin ta zubo, gashin gaban goshina ya kakkaɓe. Na duba wayata, hotunan Hanif sun fi ɗari uku, babu ko ɗaya da nake ciki. Duk wanda aka ɗauke mu tare sai na goge shi.

Don Allah ku gaya mini gaskiya. Jikin nan yana komawa kuwa? Su waɗannan me suke yi da mu ba mu sani ba?

Ummu Safiyya:
Wa alaikumus salam. Wallahi kamar labarina kika rubuta. Shekara guda na yi ban tsaya gaban dogon madubi ba, ƙaramin nan na fuska kawai nake dubawa. Sannu 'yar uwa, ba ke kaɗai ba ce.

Sista Bilki:
Ƙanwata sannu, Allah ya raya Hanif. Ni ungozoma ce, bari in gaya miki abin da ya kamata a ce an zaunar da ke an faɗa miki tun ranar da aka sallame ku.

Mahaifar da ba ta ɗauke da ciki ba ta wuce giram 60 zuwa 70 ba, tafin hannu ma ya rufe ta. Ranar haihuwa nauyinta na kai kilo ɗaya, sai ta yi kusan sati shida tana tsukewa kafin ta koma mazauninta. Wannan mahaifa kaɗai ke nan. Jinin jikinki ma sai da ya ƙaru da kusan rabi. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 a tsawon cikin, amma abin da ke fita ranar haihuwa, jariri da mabiyiya da ruwa, bai wuce kilo biyar zuwa shida ba. Sauran yana nan. Wani ruwa ne da zai bi fitsari da gumi cikin kwanaki, wani kuma kitse ne da jiki ya tanada da gangan saboda shayarwa.

Shi kuwa tumbin da ya sa aka yi miki tambayar, sau da yawa ba kitse ba ne ma. Akwai tsoka biyu da suka sauko a jere daga ƙasan ƙirji zuwa mara. Ciki idan ya girma sai ya buɗa tsakaninsu. A wani bincike da aka yi a Norwe, aka wallafa a 2016, kan mata 300 masu cikin fari, an samu 60 cikin 100 tsokar tasu na nan a buɗe sati shida bayan haihuwa, 45 cikin 100 a wata shida, kusan ɗaya cikin uku har bayan shekara. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa, ki ɗan ɗago kai, ki danna yatsu a saman cibiya. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse a rami, ki nemi ganin likitan motsa gaɓoɓi, wato fisiyo. Yunwa ba ta haɗe tsokar nan, atisaye na musamman ne ke yi.

Gashi kuma, lokacin ciki sinadaran jiki ne suka riƙe shi bai zuba ba. Da suka sauka sai ya zubo gaba ɗaya a wata na uku zuwa na huɗu. Yawanci kafin yaro ya shekara ya tsiro. Nankarwa za ta dushe ta yi haske, amma ba zan yaudare ki ba, ba ta ɓacewa ɗungurungum, kuma babu man shafawar da bincike ya tabbatar yana hana ta fitowa.

Anti Zuwaira:
Ni fa zan faɗi wadda ba za a so ji ba. 'Ya'yana huɗu, kuma har yau ina sa rigar da na ɗinka kafin na farko. Ba filta, ba tiyata. Tafiya nake yi kullum da safe, ina kula da abin da nake ci. Mu daina ɗora wa waya laifin komai. Akwai matan da da zarar sun haihu shi ke nan, sun saki jiki, shekara biyar ana cewa "ai haihuwa ce". Ƙibar nan ita ke jawo ciwon suga da hawan jini, ba maganar kwalliya kaɗai ba ce. Kuma waye ya tilasta wa mutum bin 'yan talla? Wanda ba ya son gani ya rufe shafin.

Ummu Safiyya:
Anti, da girmanki, amma yarinyar nan wata biyar ta ce, ba shekara biyar ba. Kuma yanka cikinta aka yi. Jiki ai ba iri ɗaya ba ne. Ni da yayata uwa ɗaya uba ɗaya, ita ko nankarwa ɗaya ba ta da ita, ni kuwa har bayan gwiwa.

Rukayya:
Bari in sa baki, don abin da Maman Hanif ta tambaya sana'ata ce. Gyaran hoto nake yi, shekara shida ke nan.

Hoton da kika gani, kafin a zaɓe shi an ɗauki wajen ɗari. An sa mata wando mai matse ciki har ƙasan ƙirji, ta tsaya a karkace, ta ja numfashi ta riƙe, an haska fitila ta gefen da inuwa za ta ɓoye mara. Sannan ya zo hannun irinmu. Akwai abin da nake ɗorawa a kan ƙugu in tura shi ciki da yatsa ɗaya, minti biyu bai cika ba. In goge nankarwa, in share tabon aiki, in cike gashin goshi. Idan kina son ganewa, ki daina kallon matar, ki kalli bayanta. Za ki ga bakin ƙofa ya lanƙwashe daidai ƙugunta, ko layin tayil ya karkace. Yanzu ma har bidiyo ana yi wa haka, mutum na tafiya manhaja na bin sa tana matse shi.

Abin ya kai ga wasu ƙasashe sun yi doka. A Faransa tun Oktoban 2017, duk hoton talla da aka sirantar ko aka ƙara wa jikin mai tallar, dole a rubuta a jiki cewa an gyara shi, in ba haka ba tara ce. Norwe ta bi sahu a Yulin 2022, har da masu talla a shafukan sada zumunta. Gwamnati ba za ta zauna ta yi doka a kan abin da bai cutar da kowa ba.

Akwai aikin da har yau yake damuna. Wata mai jego ta turo mini hotonta da jaririyarta, kwana goma da haihuwa, ta ce in cire mata cikin. Na cire. Da ta sa, na ga mata na ta rubuta mata "gaya mana sirrin", ita kuma tana amsawa wai ruwa take sha da yawa. Na san a cikin masu tambayar akwai wadda za ta kwana da yunwa saboda aikin hannuna. Tun daga ranar na daina taɓa jikin mai jego. Haske da launi zan gyara, ban da ƙugu.

Anti Zuwaira:
To ai kin faɗa da bakinki, ƙarya ce. Babba mai hankali ya san ƙarya ce, me zai sa ta hana shi barci?

Malama Asma'u:
Anti, sani daban, abin da ido ya saba da shi daban. Ga misalin da nake yawan ba ɗalibaina. A da can a tsibiran Fiji, mace mai jiki ita ce kyakkyawa, ramewa kuwa abin a tausaya wa mutum ne. A 1995 talabijin ta isa wani yankinsu da shirye-shiryen Amurka da Ingila da Ostareliya. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta bincika 'yan matan makaranta a shekarar, ba ta samu ko ɗaya da ke sa kanta amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998, shekara uku kacal, 11 cikin 100 suna yi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu sun ce suna jin sun yi ƙiba da yawa. Babu wanda ya tsaya ya yi musu huɗuba. Kallo kawai suka yi.

Su kansu masu Instagram sun san da haka. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, mai suna Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki akwai bincikensu da ya nuna 32 cikin 100 na 'yan mata sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu. To ina ga mai jego da ba ta samun barci, tana zaune ƙarfe uku na dare da jariri a hannu ɗaya, waya a ɗayan? A wannan lokacin ba lissafi take yi ba, kallo take yi tana auna kanta.

Ummu Safiyya:
Kun tuna Yulin 2013, da Kate Middleton, matar Yarima William na Ingila, ta fito ƙofar asibiti a Landan da ɗanta na fari, kwana ɗaya da haihuwa? Cikinta na nan a tashe a cikin shuɗiyar riga, mutane suka yi ta mamaki, har da masu tambaya me ya sa bai koma ba. Wato mutane sun daɗe ba su ga cikin mai jego na gaskiya a hoto ba har sun manta kamanninsa. A satin nan kuma mujallar OK! ta fito da bango a kan yadda za ta rage ƙibar haihuwa. Sai da aka yi musu ca suka ba da haƙuri.

Maman Iman:
Aishwarya Rai, jarumar fina-finan Indiya, fa? Matar da ta ci sarauniyar kyau ta duniya a 1994. Ta haihu a ƙarshen 2011, da ta je bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2012 da ɗan jikinta, zagin da ta sha ba a magana, har bidiyo aka haɗa mata ana sa kukan giwa. Ita ma mawaƙiyar Amurka Beyonce ta faɗa a mujallar Vogue a 2018 cewa bayan haihuwarta ta fari ta matsa wa kanta sai ta sauke ƙibar cikin wata uku, kuma daga baya ta ga rashin dacewar hakan. Ranar da ta haifi 'yan biyu nauyinta ya kusa kilo 100, aikin gaggawa aka yi mata, ta ba kanta wata shida tana jinya. Mai kuɗi ke nan, da masu raino da masu horar da ita. Idan waɗannan ba su tsira ba, mu da muke wanki da goyo a baya fa?

Maman 'Yan Biyu:
Kuna ta maganar ƙiba, ni nawa akasin haka ne. Shayar da yara biyu ta tsotse ni, wuyana ya yi ƙashi, ƙirji ya zube. Duk inda na shiga sai a ce "Lafiya kuwa? Ko ba a ba ki abinci ne?" Kuma abin da ake yayi yanzu ai ba rama ba ce zalla. Ƙugu siriri ake so, ƙasa a cike, ƙirji a tsaye, fata fara tas. Wace mace aka halitta da duk wannan, balle bayan haihuwa? Mai jiki a ce ta rage, siririya a ce ta ƙara, kuma sau da yawa shafi ɗaya ne ke sayar wa kowaccenmu maganinta.

Na sayi wani ruwan magani na ƙara ƙiba da na gani a talla. Kwana huɗu na sha. Barcin da ya riƙa ɗaukata, wata rana yaran suka yi ta tsala kuka a gefena ban ji ba sai da maƙwabciya ta bubbuga ƙofa. Ranar na tuttular da shi.

Sista Bilki:
Gara da kika zubar. Irin waɗannan yawanci cyproheptadine ne a ciki, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da ke buɗe ciki, yana sa barci mai nauyi, kuma yana iya rage ruwan nono. Wasu kuma dexamethasone ake ba su. Kumburin da yake sa fuska da ciki shi ake ɗauka ƙiba ce, alhali yana jawo suga da hawan jini, yana raunana ƙashi. Shayin rage tumbi kuwa galibi ganyen senna ne, maganin sakin ciki. Ruwa da bayan gida yake fitarwa, kitse na nan inda yake, ga mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci da ruwa, ba ragi ba. Man bilicin ma akwai masu sinadarin mercury, wanda ke ratsa fata ya shiga jini har ya kai ga nono.

Anti Zuwaira, a kan lafiya ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Tafiya da kula da ci abu ne mai kyau, ni ma shi nake cewa a yi. Inda muka rabu shi ne lokaci da kuma dalili. Wadda ta fara a hankali don ta ji ƙarfin jikinta tana ɗorewa. Wadda kunya ta koro, ita ce ke faɗawa hannun masu shayi.

Maman Iman:
Mu faɗi gaskiya dai, wayar ba ita ta fi ciwo ba. Ana iya kashe ta. Maganar da aka faɗa miki a cikin ɗakinki ita ce ba a iya kashewa. Ni ban taɓa damuwa da 'yan talla ba sai ranar da aka miƙo mini waya aka ce "dubi wannan, ita ma fa ta haihu."

Abu Sadiq:
Ku yi haƙuri in shigo, na san maganar ta mata ce, amma abin da Maman Iman ta faɗa ya taɓa ni. Bayan haihuwarmu ta biyu na riƙa tsokanar maiɗakina, in taɓa cikinta in ce saura ɗaya a ciki. Tana dariya, ni ma a wasa na ɗauka. Sai na lura ta daina canja kaya in ina ɗakin, in kuma dole ne sai ta kashe fitila. Wata rana na ga ta ɗaure cikinta da bel tamau har numfashi na yi mata wuya, ga shatin abin ya kwanta a fatarta ja wur. Na tambaye ta, ta ce, "Ba kai ka ce saura ɗaya ba?" Wata bakwai da na faɗa, ni har na manta.

Mu maza ma wayar nan muke kallo, idonmu ya sha hotunan da Malama Rukayya ta ce ana gyarawa, sai mu shigo gida da ma'aunin da babu macen da za ta cika shi. Na ba ta haƙuri, amma sai da aka daɗe kafin ta sake da ni.

Anti Zuwaira:
Malam, Allah ya saka da alheri da ka iya faɗa. Wannan kam ba ni da ja. Maman Hanif 'yata, idan maganata ta yi miki zafi ki yafe ni, ban lura da cewa aiki aka yi miki ba. Amma ina nan a kan bakata cewa kada mace ta ce tunda hotunan ƙarya ne shi ke nan ta zauna. In likita ya ba ki dama ki fara takawa, ko minti goma ne. Ni abin da ya fi yi mini amfani a tafiyar ma ba ramar ba ce, iskar da nake sha ni kaɗai ce.

Sista Bilki:
Maman Hanif, akwai abin da na koma na sake karantawa a rubutunki, kukan banɗaki da goge hotuna. Kukan da ke zuwa a kwanakin farko bayan haihuwa yakan wuce cikin sati biyu. Wanda ya zarce haka ana duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na matan da suka haihu na fama da matsalar da ta shafi ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma ƙin jinin jiki na yawan tafiya tare da shi. Kina iya barci idan yaron ya yi barci? Kina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa? Ba sai kin amsa a nan ba, amma ki faɗa wa likita ranar da za ki je.

Maman Hanif:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti ba komai wallahi.

Akwai abin da ban faɗa ba da farko don kunya. Kwana tara ke nan ina shan shayin nan, kuma ina kwana da bel a kan ɗinkin. Cikina na ta murɗawa, na ɗauka alamar yana aiki ne. Ɗazu na juye sauran a bola. Sista na gwada abin da kika ce, yatsu biyu da rabi suka shige, har tsoro ya kama ni. Barci kuma gaskiya ba na samu ko da ya yi, sai in kwanta ido biyu. Zan faɗa wa likita ranar Litinin in sha Allahu.

Na koma hoton matar nan na duba bayanta kamar yadda Rukayya ta ce. Labulen ya lanƙwashe.

Da yamma na ce wa ƙanwata ta ɗauke mu ni da Hanif. Ban iya kallon hoton ba tukuna, amma na ce ta ajiye a wayarta, kada ta turo mini, don na san halina.

Amaryar Bara:
Salamu alaikum, yanzu na shigo na ga zancen. Sista don Allah ni sati uku ke nan da haihuwa, da kaina na haihu. In gwada na yatsun yanzu ko in jira?

Sista Bilki:
Ki jira ki cika sati shida ƙanwata, yanzu kusan kowa za ta ji ramin. Kafin nan idan za ki tashi daga kwance ki fara juyawa ta gefe, ki dafa hannu ki miƙe, kada ki yunƙura da ciki. Kuma ki ci ki ƙoshi.